Shekarar da Aka Sauke Babanku

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da baki ya ɓoye. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Malumfashi, na ba ku na aurenmu da na zuwanmu Kuje lokacin da ake ƙirga gidajen bulo da yatsa, duk da daɗin baki na ba ku. Wannan babin kuwa na daɗe ina kewaye shi. Ku ukun, ke Sadiya, kai Mubarak, da kai Auta, kun tashi da labari guda: wai Madam Rifkatu, mataimakiyar Babanku, ita ta ƙulla masa makirci aka sauke shi daga shugabancin makaranta don ta hau kujerarsa. Haka kuka ji, haka kuka riƙe, har kun fara gaya wa 'ya'yanku. To ku gyara zama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Makarantar da aka ba Babanku sakandare ce ta gwamnati a bayan gari, malamanta sun haura sittin, kusan rabi Musulmi rabi Kirista. Akwai 'yan Filato, akwai na kudancin Kaduna, akwai Gwarawa 'yan ƙasa, ga namu na Arewa. Shugaban da Babanku ya gada ya bar wurin a dagule. Laifinsa a bakin malamai shi ne in Musulmi ya yi suna zai je ya ci tuwo har da ƙari, in Kirista ya rasa uwa sai ya aika da gaisuwa a takarda. Har ɗakin malamai ya rabu biyu, waɗannan ta taga, waɗancan ta ƙofa. Babanku da ya ga haka, a taronsa na farko ya ɗauki alkawarin da ba wanda ya roƙe shi: duk malamin da abin farin ciki ko na baƙin ciki ya same shi, shi da ƙafarsa zai je, ba zai aika kowa ba. Yana da wata magana da yake ji da ita, wai wakili ba ya share hawaye. Aka yi ta tafi. Ni ma da ya dawo ya gaya mini na ce Allah ya yi albarka, don ban yi lissafin abin da mutum sittin ke iya haifa, su aurar, su binne a shekara guda ba.

Kun san mako kwana bakwai ne, to nasa ba ranar banza a ciki. Juma'a bayan an sauko masallaci ɗaurin aure ne ko gaisuwar mutuwa. Asabar ta 'yan'uwanmu Kirista ce, su da suke ajiye gawa a asibiti har dangi su taru, sannan a kai ta ƙauye. Yau Fankshin, wani makon Kafanchan, wani makon wani lungu da ko sunansa ban iya faɗa ba. Lahadi kuma addu'ar godiya a coci, ko an kai jariri, ko wani ya tashi daga ciwo. Sai ya zauna a bencin baya da hularsa a gwiwa, in azahar ta yi ya zame ya yi sallarsa a gindin bishiya ya dawo. Har anko yake saye! Duk atamfar da aka fitar sai ya kai wa tela a ɗinka masa riga, wardirof ɗinsa ya cika da tsuntsaye da furanni, ina tsokanarsa ina cewa na auri firinsifal na wayi gari da ɗan rawa. Litinin kuwa ƙarfe shida da rabi yana bakin get yana kallon shigowar ɗalibai. Ga ajin ƙarshe da yake koyar wa lissafi don ba malami, ga iyaye a ƙofar ofis, ga rufin da iska ta yaye, ga saƙon waya daga sama a kawo rahoto kaza kafin sha biyu. Masu duba makarantu suna zuwa, su duba rajista, su duba shirin darasi, su leƙa har bayan gida. Shekara shida ban ji wanda ya dube shi ya ce, Malam, kai yaya jikinka ba.

Kuma abin ya yi aiki, kada in rage masa. Ɗakin malamai ya haɗu. Malamin addinin Musulunci da na addinin Kirista suka koma cin gyaɗa a faranti ɗaya. Shi ya sa ba wanda ya ga ɓarnar sai ni, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A shekara ta shida Babanku ya daina tsokana, mutumin da in ya shigo gida sai ya kira ni da sunan kakata don ya ga na fusata. Ya daina kunna rediyo. Tuwon da yake cinye malmala biyu ya koma ya gutsura sau uku ya wanke hannu. Kai Auta, ba za ka tuna ba, wata rana ka yi dariya a tsakar gida ya daka maka tsawar da ta sa ka saki fitsari, shi kuma ya tsaya yana kallon hannuwansa kamar ba nasa ba.

Ranar da hankalina ya tashi sosai wata Alhamis ce da la'asar. Ya dawo daga jana'izar ɗiyar wani malami, yarinya 'yar shekara huɗu. Ina tsince shinkafa ya zauna kusa da ni a kan turmi, abin da bai saba ba.

“Maman Sadiya, yau na ga abin tsoro.”

Na ce, “Mutuwar yaro ai dole ta girgiza mutum, Malam.”

“Ba ta girgiza ni ba. Shi ne abin tsoron. Uban yana kuka a kafaɗata, ni kuwa ina tunanin wa zai riƙe masa ajinsa gobe. Na nemi tausayi a cikina ban samu ba. Kamar an kwashe.”

Na matsa masa muka je asibiti, likita ya auna shi ya sake aunawa, ya cire tabarau ya ce jininsa ya hau hawan da ba a wasa da shi, ya rubuta masa hutun mako uku. Babanku ya yi godiya, ya ninke takardar ya jefa a aljihun mota. Na ce rai dangin goro ne, hutu yake so. Ya ce in ya huta a wannan zangon, wanda uwarsa za ta mutu a makon zai ce don shi Kirista ne, ko don shi Musulmi ne, duk ginin shekara shida ya rushe. Ina! Ko juyowa bai yi ba.

Bayan mako biyu, ranar Asabar, farkon damina, ya tafi binne surukin wani malami a wani ƙauye bayan Kagarko. Ku ji fa, suruki. Wajen ƙarfe uku wayata ta yi ƙara, lambarsa ce amma muryar wani dattijo. Ya ce shi mai sayar da abarba ne a kasuwar Zuba, mai wannan wayar yana zaune a bencinsa tun azahar, lafiyarsa ƙalau a ido amma ya ƙi tashi, in zo. Ban san wanda zan kira ba sai Madam Rifkatu, ita ke da mota kuma gidanta ba nisa. Ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba ta iso. Muka same shi cikin hayaniyar manyan motoci da ƙudan mangwaro, sanye da ankon ranar, abarba biyu a cinyarsa, motarsa can gefe ƙofa a buɗe. Na durƙusa na ce, Malam, lafiya? Ya dube ni ya gane ni sarai, ya gane Madam, har ya gaishe ta.

“Na tsaya in saya muku abarba,” in ji shi. “Da na koma mota sai na rasa, zuwa nake yi ko dawowa? In na bi nan wataƙila ana jirana a can. Shi ne na ce bari in zauna har in tuna.”

Wallahi a nan na ji tsoron da ban taɓa ji ba, don hanyar Kaduna ce a gabansa, tireloli na wucewa kamar iska. Madam ta tuƙo mu, ya yi barci tun kafin mu kai Giri. A ƙofar gida, bayan ya shiga, ta riƙe mini hannu.

“Maman Sadiya, Oga zai faɗi a hannunmu. Sau uku ina ce masa mu raba tafiye-tafiyen nan, a riƙa tura mutum biyu, ɗaya naku ɗaya namu. Ya ce in ina son hutu in huta, shi bai gaji ba. Ke ce matarsa, ki yi wani abu.”

Lahadi ya kwana ya yini a kwance. Na ce alhamdulillahi, jiki magayi. Litinin ƙarfe shida da rabi yana bakin get.

A wannan makon na yanke shawara, kuma ni kaɗai na yanke ta. Daraktan da ke kula da makarantun shiyyarmu abokin karatun Babanku ne tun kwalejin horon malamai, ya sha cin abinci a gidanmu. Ranar Laraba na ce wa Babanku zan shiga kasuwar Wuse, na hau mota na nufi ofishin Darakta. Na zayyana masa komai, har da takardar likita da na ɗauko daga aljihun mota. Ya daɗe yana jujjuya biro. Ya ce hutu sai mutum ya nema da hannunsa, kuma ya san abokinsa, ba zai nema ba. Ko an tilasta masa, daga gida zai riƙa zuwa jana'izar. Hanya ɗaya ce: a ɗauke shi daga makarantar gaba ɗaya, a dawo da shi hedikwata a ba shi tebur.

“Amma Hajiya, kin san aikin nan. Shugaban makarantar da aka ɗauke a tsakiyar zango, ba a yi masa liyafa ba, kowa zai ce laifi ya yi. Kin san abin da za a faɗa a Kuje?”

Na ce, “Na sani, ranka ya daɗe. Gara a yi gulmar mai rai da a yabi gawa.”

Ya ce in je in yi tunani. Na ce na gama tunanina a kasuwar Zuba. Na roƙe shi kada sunana ya fito, ya yi mini alkawari. Daga can na biya gidan Madam Rifkatu na gaya mata abin da na yi. Ta dafe kai.

“Kai, Maman Sadiya! Ba wannan nake nufi ba. In aka cire shi ni za a ba riƙo. Za a ce ni ce.”

Na ce haba, wa zai ce haka, kowa ya san halinki. Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na san za a ce ita ce, kuma a can ƙasan zuciyata na ji sauƙi, don in ido yana kanta ba zai zo kaina ba.

Takarda ta fito bayan kwana goma. Babanku ya shigo da ita a hannu da rana tsaka, ya ajiye a kan tabarma, ya ce ko tambayarsa ba a yi ba. Kuje ta ɗauka. Wasu suka ce ya ci amana, wasu suka ce da wata ɗaliba ce, Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan bakin. Kai Mubarak ka fasa wa wani yaro leɓe a kan maganar, na yi maka faɗa a gaban uwarsa, na shiga ɗaki na yi kuka. Mutanen da Babanku ya bi har ƙauyukansu, da yawa suka ɗauke ƙafa, ba don mugunta ba, don ba su san gaisuwar da ake yi wa wanda aka sauke ba. Shi kuwa ƙarfe biyar yana gida. Asabar yana gida. Ya fara cin abinci, kumatunsa suka dawo, likita ya auna ya yi murmushi. Sai dai zuciyar ta cika da ɗaci, kuma duk ɗacin a kan mutum ɗaya ya sauka. A kan tabarmar cin abinci, kuna zaune, yake cewa matar da ya ɗauka 'yar'uwa, wadda ya bi har Fankshin ya binne mata uba cikin ruwan sama, ita ta sayar da shi. Ni kuwa ina zuba miya ina cewa a bar wa Allah. Wata huɗu ina zuba miya.

Wata Asabar da hantsi, kun tafi islamiyya, ya kira ni falo ya miƙo mini takardu uku da rubutunsa mai kyau ɗin nan. Koke ne zuwa ga hukuma. Ya jera zarge-zarge a kan Madam Rifkatu, cewa ta haɗa kai da wasu malamai 'yan addininsu don a kawar da shi. Ya ce in duba masa ko akwai kuskure, Litinin zai kai. Na karanta har ƙarshe. Matar nan saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya, ko tabbatar da ita a kujerar ba a yi ba. In takardar nan ta shiga, za a kafa mata kwamiti, kuma ɗakin malaman da ya kashe kansa ya haɗa zai sake rabewa, wannan karon da hannunsa. Na ajiye takardun.

“Malam, akwai kuskure.”

“A ina?”

“A sunan. Ba Madam ba ce ta je wurin Darakta. Ni ce.”

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Na faɗa masa komai, tun daga ƙaryar kasuwar Wuse har takardar likita. Ban yi kuka ba, na san in na yi zai zama kamar ina neman sassauci. Da na gama sai ya ce:

“Da kin tambaye ni, da na ce a'a.”

“Shi ya sa ban tambaye ka ba.”

“Kin san abin da kika ɗauke mini?”

“Na sani. Na kuma san abin da na ga tirela za ta ɗauke mini a Zuba.”

Ya tattara takardunsa ya shiga ɗaki. Bai kai su ba. Amma kusan kwana arba'in ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da ga abinci. Kun tambaye ni a lokacin, na ce muku Babanku azumin magana yake yi, kuka yi dariya. Ni na san igiyar aurena a hannunsa take, kuma in ya sake ta ba wanda zai ce ya yi zalunci. Sai wata Lahadi da yamma ya ce in ɗauko mayafina. Ban tambayi inda za mu ba. Gidan Madam Rifkatu muka je, ta dawo daga coci ke nan tana shan iska a baranda. Babanku, mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba in ba mahaifiyarsa ba, ya cire hula ya ce ya zalunce ta da bakinsa, ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun kafin ya zo. Ta ba shi labarin makaranta, cewa yanzu biyu-biyu ake tura malamai, Musulmi da Kirista a mota ɗaya, ita kuwa ba ta zuwa sai in malami ne ya rasa uwa, ko uba, ko ɗa, ko abokin zama, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Babanku ya yi wata dariya da ban so jinta ba, ya ce ashe haka abin yake da sauƙi. Sannan ya kawo roƙon da ya kai mu inda muke yau.

“Madam, yarana sun ji na ambaci sunanki da mugun abu. In na warware, sai na faɗi wanda ya yi. Suna ƙanana, an zage su a gari saboda wannan. Ba na so su tashi suna kallon uwarsu da shi.”

Ta dube ni, ta dube shi.

“Ba komai, Oga. Ku bar shi a kaina. Ni in sun harare ni zan koma gidana in yi barci. Ita a cikinsu take kwana.”

Na buɗe baki in ce a'a, ban yarda ba. Allah shi ne shaida na buɗe. Sai na rufe.

Babanku ya ƙara shekara goma sha uku a duniya. Ya aurar da ke Sadiya, ya ɗauki jikoki biyar, ya dasa gwaiba da zogale a bayan gida, har tsokanar ta dawo. Amma bai sake taka makarantar nan ba, in muka bi ta gabanta a mota sai ya sami abin dubawa a ɗaya gefen. Ban taɓa jin ya ce na kyauta ba. Sau ɗaya, yana jinyar ƙarshe, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kuma ni tsohuwar malamar makaranta ce, na san wannan ba daidai yake da na yafe miki ba. Na karɓa a haka. Har gobe in aka mayar da ni waccan Larabar zan sake hawa motar, sai dai zan fara tsayawa a gabansa in gaya masa inda za ni.

Ya ce kada ku sani, na kuwa riƙe masa har ya koma ga Mahaliccinsa. Dalilinsa shi ne kuna ƙanana. Yanzu ƙaraminku yana da gemu. Ranar addu'ar bakwai ɗinsa Madam Rifkatu ta zo tun daga Orozo inda take zaune wurin ɗanta, da sanda, ta yafa mayafi don girmama gidan. Ta miƙa muku gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ke Sadiya kika juya mata baya, kai Mubarak ka amsa a maƙoshi, kai Auta ka tashi ka fita. Ta juyo ta kama hannuna ta ce, “Sannu, Maman Sadiya, Allah ya ba da haƙuri,” ta lallaba ta koma mota. Ina zaune a wurin, idona biyu, ban ce komai ba.